Sama'ila Didam da Faifan Surukinsa

Sama'ila Didam ya shigo Kano a shekarar 1976 da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar shaidar cewa yana buga kalma sittin a minti guda. Akwatin, tsatsa ta cinye shi tuntuni. Takardar tana nan rataye a bangon shagonsa cikin gilashi, ko da yake an daɗe da daina tambayar mutum kalma nawa yake bugawa.

Mutumin Kurmin Tagwai ne, wani ƙauye a kudancin Kaduna wanda mota ba ta shiga sai da rani. Ya yi shekara ashirin da tara yana buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati. Kwamishinoni goma sha ɗaya sun zo sun tafi a kan idonsa, babu ko ɗaya da ya san sunansa, shi kuma bai taɓa ganin laifin hakan ba. A can ya koyi ƙa'idoji biyu a hannun wani tsohon babban akawu. Ta farko, da zarar an buga takarda an duba ta, sai a yaga rubutun hannun, don kada a wayi gari da magana biyu a ofis ɗaya. Ta biyu, abin da ya shiga fayil ba ya fita. Sama'ila dattijon coci ne, yana girmama Dokoki Goma, amma waɗannan biyun ne ba a taɓa kama shi yana karyawa ba.

Da ya yi ritaya a 2005 sai ya sayi kwamfuta a gwanjon wani ofis, ya kama ɗan shago a Gyadi-Gyadi, bayan titin kotu, inda masu neman takardar rantsuwa da canjin suna da yarjejeniyar haya ke wucewa. Gidansa yana Tarauni, ɗaki biyu da falo, shi da matarsa Hannatu, tsohuwar malamar firamare. Kwamfutar fara ce lokacin da ya saye ta. Zafin Kano da hayaƙin janareta na shekara goma sha tara sun mayar da ita launin haƙorin mai cin goro. A jikinta ya manna takarda da manyan baƙaƙe: BA A SA FILAS. Wani ɗalibi ne ya taɓa soka mata nasa ɗan ƙarfen kwafar takardu, ta kamu da cuta ta yi kwana huɗu ba ta tashi ba. Tun daga ranar Sama'ila ya yanke hukunci cewa filas abu ne mai yawo gida-gida yana kwaso ciwo, mutumin kirki ba ya ajiye shi. Bai taɓa mallakar ko guda ba.

A cikin wannan kwamfuta akwai abin da mutanen garinsu ke kira Littafin Baba Didam. Duk Kirsimeti, tun yana ma'aikaci, yakan je gida da littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Wa ya haifi wa. Wane gida ne ba ya neman aure a wane gida. Gonar wane daga ina ta fara, a wace bishiya ko wane dutse ta tsaya, wacce aro ce, wacce kyauta. Yakan zaunar da maƙwabtan gona biyu wuri guda, ba ya rubuta iyaka sai dukansu sun gyaɗa kai. In ya dawo Kano ya buga, ya duba, ya yaga rubutun hannun. Shafukan da ya buga da tafireta a da ma, da ya sake buga su a kwamfuta, sai suka koma matsayin rubutun hannu a wurinsa, suka bi sahun 'yan uwansu zuwa murhun Hannatu. Littafin ya kai shafi ɗari takwas da 'yan kai. Bai taɓa fitar da shi a firinta ba, saboda saura gida huɗu bai kai gare su ba, kuma shi ba a koya masa miƙa rabin aiki ba.

Shekara shida da suka wuce aka ƙona rabin Kurmin Tagwai, a wani rikici da har yau kowane ɓangare ke da nasa labarin wanda ya fara. Mutane suka watse, wasu Kafanchan, wasu Kaduna, wasu Jos. Tsofaffin da ya yi hira da su, wasu tsufa ne ya ɗauke su, wasu ranar ce. Bara aka fara komawa da kaɗan-kaɗan, aka tarar daji ya shafe hanyoyin gonaki, masu sanin iyaka kuma duk suna ƙarƙashin ƙasa. Abin da suka sani ya rage a wuri ɗaya tak: wani ƙarfe mai nauyi, wanda bai fi ƙaramin littafin waƙoƙin coci girma ba, a cikin kwamfutar da ke bayan titin kotu. Masu sana'a suna kiransa had-dis. Sama'ila yana ce masa faifai.

A farkon bazarar bana faifan ya fara nuna gajiya. Ya cika taf da takardun mutane na shekara da shekaru, har da na waɗanda suka mutu, don abin da ya shiga fayil ba ya fita. Sannan ya fara wata ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ƙadangare yana tafiya a kan kwano. Wani lokaci kwamfutar ta tashi, wani lokaci ta tsaya tana kallonsa. Ƙananan takardu suna buɗewa. Littafin kuwa sai ya kai wajen shafi na talatin, komai ya sandare.

Hannatu ta faɗa wa 'yarsu Rebecca, Rebecca ta faɗa wa mijinta Timothy. Timothy malamin sakandare ne, ɗan Filato, suna zaune a Hotoro, mutum ne mai son a ce ya kyauta, kuma yawanci yana kyautawar. Ranar wata Lahadi, bayan an taso daga coci, ƙungiyar 'yan Kurmin Tagwai mazauna Kano tana taro a falon Sama'ila, sai ga shi ya shigo. Ya durƙusa har ƙasa, ya miƙa wani ɗan kwali da hannu biyu.

"Baba, ga sabon had-dis. Tera ɗaya ne. In aka zuba abin da ke cikin tsohon sau ashirin ma, ba zai cika ba."

Babu wanda ya san mene ne tera a falon, don haka aka yi tafi sosai. Wata tsohuwa ta yi guɗa. Shugaban ƙungiya ya miƙe ya yi jawabi a kan surukan da Allah ke ba wasu gidaje ya hana wasu, yana kallon nasa surukin da ke zaune kusa da ƙofa. Sama'ila ya ɗora hannu a kan Timothy ya sa masa albarka.

Ranar Litinin da safe ya rufe ƙofar shago rabi, ya kwance murfin kwamfutar. Ba baƙon buɗe inji ba ne. Shekara ashirin da tara shi ke gyara tafiretarsa da kansa, da filaya da sukudireba da man keken ɗinki. Ya leƙa ya ga tsohon faifan. Wata waya mai faɗi, launin toka, kamar ɗamarar yaro, ta fito daga cikin injin ta kama bayansa, inda haƙora ke jere layi biyu, ashirin-ashirin. Gefenta ga wani farin toshe mai waya huɗu, na wuta. Ya ɗauko sabon ya juya bayansa. Babu haƙora ko ɗaya. Wasu 'yan siraran harsuna ne guda biyu baƙaƙe, ɗaya bai kai faɗin farce ba. Ya kara wayar mai faɗi a jikinsu. Ya juya faifan ya sake karawa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Daga nan ya mayar da faifan cikin kwalinsa, ya sa a aljihun tebur, ya ɗaure murfin kwamfutar.

Da yamma ya gaya wa Hannatu, tana tsince shinkafa.

"To ka kira shi mana, Baban Rebecca. Ka ce bai shiga ba, a canzo."

"In ce masa me? Yaron da ya durƙusa gaban mutum talatin?"

"Ka ce masa bai shiga ba. Magana ce mai wuya? Ni in faɗa wa Rebecca."

"Kada ki soma."

"Ƙarfe ne fa, ba sadaki ba."

A Kurmin Tagwai, idan saurayi ya zo yi wa surukinsa noma ya yi huɗa a karkace, ba a gyara masa, ba a nuna masa. Ana ba shi abinci, a yaba ƙarfinsa, a raka shi bakin hanya. Sai ya tafi mai gona ya ɗauki garma ya miƙe layin da kansa, kuma har ya mutu ba zai ambata ba. Sama'ila ya ga mahaifinsa ya yi haka sau biyu. Bai san ko mahaifin Hannatu ya yi masa ba, kuma rashin sanin nan shi ne dukan amfanin al'adar.

Washegari Timothy ya bugo waya.

"Baba, ya shiga kuwa?"

"Ya shiga. Allah ya yi maka albarka."

"Yanzu gudu take yi, ko?"

"Sosai," in ji Sama'ila. Kwamfutar tana gabansa tana ƙas, ƙas.

Da haka aka yi mako biyar. Yana buga takardun rantsuwa in ta yarda ta tashi, in ta ƙi ya ce wa mutane babu wuta. Sai ga wayar Lami.

Lami matar Bulus ce, ɗan ƙanin mahaifin Sama'ila. Bulus na cikin waɗanda ba su fita daga garin da rai ba ranar gobara. Ta koma da 'ya'ya huɗu don ta noma gonar mijinta, sai ta tarar 'yan uwansa na ɗaya gidan sun riga sun share fadamar da ke ƙasanta, sun ce iyakar Bulus ba ta taɓa saukowa bakin rafi ba. Tudun da suka bar mata tsakuwa ne, ko acca sai da roƙo. Dagaci ya sa ranar zama nan da mako uku, ya kuma ce duk abin da ke Littafin Baba Didam shi za a bi, tunda iyayen ɓangarorin biyu ne suka yi magana a ciki.

"Baba, shafin kawai nake so. Zan zo in karɓa da kaina."

"Yana nan," in ji shi. "Ki zo."

Yana nan ɗin kuwa, wajen shafi na ɗari huɗu, inda kwamfutar ta daina kaiwa.

Ranar Juma'a da hantsi ya sa kwalin a jaka ya nufi kasuwar waya ta Farm Centre. Ya san daga inda faifan ya fito, don sunan shagon na jikin ledar: wurin Bashir ne, mai gyaran kwamfuta, abokin kallon ƙwallon Timothy. Saboda haka ya shiga ta ɗaya ƙofar kasuwar, ya bi layin masu cajar waya, kansa a ƙasa. Bai yi taku ashirin ba ya ji an kwala masa kira.

"Baba Didam! Baba! Yau kai ne a kasuwarmu? Wallahi sai ka sha ruwa."

Bashir ne, ya fito sayen kunun aya. Ya karɓe jakar ya yi gaba, dole Sama'ila ya bi shi. Aka ba shi kujera tsakanin gawarwakin kwamfutoci.

"Ya had-dis ɗin nan? Timo ya ce kamar jirgi."

"Lafiya lau. Wani abokina ne dai ya aiko ni da tambaya. Shi ma an kawo masa irinsa, amma nasa injin tsoho ne. Wayar ciki mai faɗi ce, toka-toka."

Bashir ya dube shi, ya dubi jakar da kusurwar kwali ke turowa, ya kurɓi kunun aya.

"Allah sarki. Abokin nan naka, injinsa ya girmi wasu masu shago a layin nan. Wannan mai faɗin, IDE ake ce mata. An daina yin ta tun ina sakandare. Na yanzu SATA ne, siririyar waya. Bakinsu ba ɗaya ba, toshen wutarsu ba ɗaya ba, yarensu ma ba ɗaya ba. Da wanda ya saya masa ya gaya wa mai shago shekarun injin, da ba a ba shi wannan ba. Amma mutum ya zo ya ce a ba shi mafi girma, me za ka yi?"

"To babu dabara?"

"Akwai." Ya jawo wani aljihun tebur ya tono wani ɗan kati kore, gefe ɗaya haƙora arba'in, ɗaya gefen ƙaramin baki. "Adafta. Tafinta ne tsakaninsu. Ana maƙala shi a bayan sabon, sai wayar mai faɗi ta kama shi. Ko da ya yi aiki ma, tsohon inji ba zai ga duka girman faifan ba, ɗan yanki zai gani. Amma Baba, tsohon faifan abokin naka lafiyarsa ƙalau?"

"Yana ɗan ƙara."

"Wace iri?"

Sama'ila ya kwaikwaya da harshe. Bashir ya ajiye kofin.

"Baba, ka ce masa kada ya sake kunna shi. Ko sau ɗaya. Ya ɗauko injin ya kawo min yau ɗin nan, ina da wayar da zan zuƙe abin da ke ciki kafin la'asar. Wannan ƙarar ba ta cika ba ce, ta mutuwa ce."

"Mutum ne mai nisa."

"Ina yake?"

"Hotoro," in ji Sama'ila, don shi ne sunan da ya fara zuwa bakinsa.

"Ai unguwar su Timo ce! Sai ya ɗauko masa."

"A'a. Ba ya son damun mutane."

Bashir ya naɗe adaftar a takarda ya miƙa, ya ƙi karɓar komai.

"To in ya nace sai ya yi da kansa, ka gaya masa abu ɗaya. Farin toshen nan na wuta, kusurwa biyu a sare suke, ta fuska ɗaya kawai yake shiga. In ya ji ya yi tauri, to a juye yake. Kada ya danna."

Sama'ila ya yi godiya a madadin abokinsa. A hanya yana ta nazari. In injin ya shigo shagon Bashir da tsohon faifai a ciki, ranar Asabar wurin kallon ƙwallo magana za ta fito, ko da wasa. Timothy zai san kyautarsa ta yi mako biyar a aljihun tebur. Zai kuma san surukinsa, dattijon coci, ya yi masa ƙarya. Ita kuwa adafta, abu ne da bai fi akwatin ashana ba.

Ranar Asabar da azahar, layin ya yi tsit saboda zafi, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur ya jera kayan aikinsa. Adaftar ta kama bayan sabon faifan ba gardama, har ya yi murmushi. Wayar mai faɗi tana da baki na biyu da ba a amfani da shi, wanda zai haɗa faifan biyu ya kwashe Littafin, amma tsohon faifan ya tare hanya. Sai ya zare masa wayoyinsa biyu, ya kwance shi, ya matsar da shi sama, ya sa sabon a ƙasa. Ya mayar da mai faɗin. Ya ɗauko farin toshen don ya mayar wa tsohon faifan.

Cikin injin duhu ne, hannunsa ya tare ɗan hasken da ke shigowa, gumi kuma yana zubo masa a kan tabarau. Robar toshen ta shekara ashirin tana shan zafi, kusurwoyinta sun cinye, a yatsa duk ɗaya suke. Ya kara, ya tura. Ya ƙi. Maganar Bashir ta zo masa, ba wai ya manta ba ne. Amma Bashir bai taɓa zama gaban tafireta ba. Duk abin da Sama'ila ya taɓa gyarawa a rayuwarsa, in ya yi tauri, tsatsa ce ko datti, kuma maganinsa ɗan ƙarfi ne daidai gwargwado. Ya ɗora ƙotar filaya a bayan toshen ya danna da tafin hannu. Ya shige da wata 'yar ƙara.

Ya goge hannu, ya yi gajeriyar addu'a, ya kunna.

Fanka ta juya sau ɗaya. Aka ji ɗas. Wani siririn hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin tsohon faifan, da wari irin na roba da gashi. Ya fizge wayar bango. Ya tsaya riƙe da ita a hannu har hayaƙin ya watse. A waje wani mai lemo yana ta kiran masu saye.

Bai je coci ba ranar Lahadi, karo na farko tun da aka yi masa aikin ido. Hannatu ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta kawo masa abinci, ta ɗauke shi yadda ta kawo. Ranar Litinin ita ce ta tare adaidaita sahu, ta riƙe masa ƙofa ya shiga da injin a cinya.

Bashir ya buɗe, ya shinshina, ya zare toshen da ƙyar ya duba. Bai tambayi lafiyar abokin Baba ba.

"Wutar da ta fi ƙarfi ta bi layin ƙarama. Katin da ke ƙarƙashin faifan ya ƙone. Amma abin da aka rubuta yana can ciki, a kan wasu farantai masu juyawa. In muka samu wani faifai irinsa sak, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, zan ciro katinsa in dasa. Sai dai irin waɗannan yanzu 'yan gwangwan ne ke da su, a kilo suke saye."

Kwana tara Sama'ila yana yawon wuraren 'yan gwangwan, daga Ƙauyen Alu zuwa Unguwa Uku, da lambar a rubuce a takarda. Tsoho mai shekara saba'in da ɗaya, da rigar ofis a soke cikin wando, yana tona tulin ƙarafa da sanda. Masu wurin suka saba da shi, suna ce masa Baba Injiniya, suna ware masa duk wani abu mai haƙora arba'in. Ya samo uku na kamfanin, lambar ba ta yi daidai ba. Na huɗun, wanda aka ciro daga ƙarƙashin wata matacciyar firiji, ya yi daidai har harafin ƙarshe.

Bashir ya rufe shago, ya yi awa biyu da ƙarfen narka dalma. Ya haɗa. Faifan ya ɗauki juyi, Sama'ila ya ji shi a tafin hannunsa da ke kan tebur. Ƙas. Ƙas. Sai wata doguwar ƙara kamar ana jan ƙusa a kan faranti. Sai shiru. Bashir ya sake gwadawa sau biyu, sannan ya zare wayar a hankali.

"Allurar ciki ta faɗa kan farantin, Baba. Ta karce shi."

"Da na kawo ranar Juma'ar nan fa?"

"Komai na Allah ne."

"Tambayarka na yi, Bashir."

Bashir ya dubi ƙasa. "Da mun samu. Ko ba duka ba, da mun samu mafi yawa."

Kafin ya tafi, Bashir ya haɗa masa sabon faifan da adaftar yadda ya kamata, ya zuba masa abin da kwamfuta ke buƙata don ta tashi. Ta tashi cikin sauri, ba ƙara, ba gardama. Ɗan yanki na faifan kawai take gani, amma yankin ma ya ninka tsohon sau uku, kuma babu komai a cikinsa. Bashir bai gaya wa Timothy ba, har yau.

Lami ta iso ranar Alhamis, saura kwana biyu zaman dagaci. Motar asuba ta biyo, ta zo da ɗan ƙunshin citta. Ta durƙusa a ƙofar shagon ta gaishe shi da yarensu, ta zauna a bencin masu jiran takarda. Ya bari ta sha ruwa, sannan ya gaya mata. Bai sa sunan Timothy a ciki ba. Ya ce faifan ya ƙone, shi ya ƙona shi, babu kwafi.

Ta daɗe tana kallon kwamfutar da ke kunne a gabansa.

"Amma ga ta tana aiki, Baba."

"Injin ne ke aiki. Littafin ba ya ciki."

"To ai kai ka zauna da su. Da kunnenka ka ji baban Bulus, da hannunka ka rubuta. Ka sake bugawa mana. Wa zai sani?"

Ya rufe ido. Ya ga ranar sarai: tsofaffin biyu a kan gungume, ɗaya da hular saƙa, kaza tana tsattsage kusa da ƙafarsu, ana dariya a kan wani kare. Ya tuna an ambaci bishiya. A gonar akwai ɗorawa a saman gangare, akwai kanya a bakin rafi. In kanya ce, fadamar ta Lami ce. In ɗorawa ce, ba tata ba ce. Ya yi gonaki sama da ɗari uku, kowacce da bishiyarta, kuma ya rubuta su ne daidai don kada ya dogara da kansa.

"Bishiya ce," ya ce. "Ban san wacce ba."

"Kanya ce, Baba. Bulus ya sha faɗa min."

"Mai yiwuwa."

"To ka rubuta kanya."

Ya jawo kibod. Yatsunsa, waɗanda har yanzu ba sa kuskure, suka buga kwanan wata, da sunansa, da sunayen tsofaffin biyu, da shekarar da aka yi zaman. Ya rubuta cewa ya shaida sun amince da iyaka a gabansa. Ya tsaya. Lami ta miƙe ta zo bayansa, tana numfashi a hankali. Ya rubuta cewa iyakar bishiya ce, ko dai ɗorawa ko kanya, kuma mai wannan rubutu ba zai iya rantsuwa a kan ɗaya ba. Firinta ta fitar da takardar tas, ba ɗigon tawada. Ya duba ta sau biyu, ya sa hannu.

Lami ta yi aji shida a firamare, ta karanta da kanta, leɓunanta na motsi. Da ta kai ƙarshe ta koma ta sake karanta layin. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ninke takardar gida huɗu ta soke a bakin zani.

"Na gode, Baba. Bari in kama mota kafin dare ya yi."

Hannatu ta so ta kwana, ta ƙi.

An yi zaman ranar Asabar. Aka karanta takardar a bainar jama'a, dagaci ya yaba da gaskiyar Baba Didam, ya ce irinsu sun yi ƙaranci. Sannan ya ce tunda takarda ba ta raba gardama ba, sai a bar fadamar a hannun waɗanda suka riga suka share ta. Shugaban ƙungiya ne ya bugo ya faɗa wa Sama'ila, ya ƙara da cewa akwai gidaje goma sha ɗaya da ke jiran nasu shafin, yaushe za su zo. Lami ta shuka acca a kan tudun. Manyan 'ya'yanta biyu ta tura su Kafanchan wurin ƙanwarta, don abin da tudun zai bayar ba zai ciyar da biyar ba.